Safar da Ba Ta Lotsawa

Jikana Tsinke,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da amaryata da ka ƙwace min. Ni ma lafiya, in ban da gwiwa da idon hagu, waɗanda suka haɗa baki suka daina jin maganata. Kunne kuwa ka san tuni ya ajiye aiki, shi ya sa na ce ka bar kirana a waya, ka riƙa rubutowa.

Takardarka ta tuna min wani zance da na taɓa ji ban yarda ba. Wani direban babbar mota ne ya kawo kujerarsa in sake mata soso. Yana zaune kan bencin bakin shago yana jira, sai ya ce wai safar da 'yan dambe ke sawa tana cin mutum ta ciki. Ba jini, ba tabo, fuska sumul, amma wata rana sai a ga mutum tsaye a ƙofar gidansu yana tambayar gidan wane ne. Na dube shi na ce, malam, da soso nake cin abinci tun kafin ka iya juya sitiyari, ban taɓa ganin wanda soso ya illata ba. Mutumin nan kuwa shi ne ya taɓa rantse min cewa ya yi tafiya mai nisa yana barci a kan tuƙi, motar ta kai kanta gida. Ka ga abin da na auna maganarsa da shi.

To yau ga ka nan, jikan ɗan baffana, yaron da iska ke kayarwa in ya fito da babbar riga, wai ka shiga damben nan na cikin keji da ake haɗa naushi da shuri da kokawa wuri ɗaya. Ban hana ka ba. Kana wuni kana lodin kwalaye a sito, in ka ce ka hango ƙofar fita, ba ni zan tsaya a bakinta ba. Ka ce kocinku ya ce kowa ya nemo safarsa, aljihunka ba nauyi, kuma ni ne na san fata. Nan ka faɗi gaskiya.

Kada ka kalli launi, kada ka kalli sunan da aka buga a bayanta. Fara da hanci. Fata ta gaske tana da warin dabba, ta jabu kuwa warin sabon bokiti take yi. Ka juya cikinta ka ja ɗinkin da yatsu biyu, in ka hango haske tsakanin zare da zare, ajiye musu kayansu. Maɗaurin wuyan hannu ya zama mai faɗi, ya zagayo sosai. Tunda ka ce yatsu a waje suke don kama abokin karawa, duba bakin kowane rami ka ga ko an kalmashe shi, don ta nan yagewa ke farawa.

Sai babban abin, soso. Danna babban yatsanka a wurin da ke rufe gaɓoɓin hannu. In ya nutse kamar a cikin burodi, bar ta, kafin ka saba da ita ta zama tsumma. Nemi sosan da zai yi maka gardama, ya turo yatsanka baya. Irinsa nake sa wa kujerar motar haya, jama'a su yi ta hawa suna sauka bai lotsa ba. Ba ka da halin sayen safa sau biyu, saboda haka ka sayi wadda za ta daɗe.

Kuma ka guji shagon da ke da gilashi da fitilu. Kuɗin fitilun kai za ka biya.

Kakanka,
Mai Kushin

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwa, yaya ido? Mu lafiya lau. Amaryarka ta ce a gaya maka ita ba ta son ango mai warin gam. Tana nan tana aikinta a ɗakin wanki na otal, hannayenta duk sun yi fari saboda sabulu.

Na samo safa, kuma da ka ga yadda na samo ta da ka yi alfahari da ni. Wani ɗan shago ne a bayan tasha, mutum biyu ba sa iya wucewa a cikinsa. Na ɗauki ta farko na kai hanci, mai shagon ya ce, “Ci za ka yi ko sawa?” Na ce kakana ne ya aiko ni. Ya zubo min irin waɗanda 'yan wurinmu ke saya don karawar atisaye, manya-manya, a kumbure. Duk wadda na danna sai yatsa ya nutse. Can ƙasan kwali na zaƙulo wata baƙa, ba kwalliya, fata ta gaske, ɗinki layi biyu. Na danna, saura kaɗan yatsana ya karye. Ya ce wannan ta dukan buhu ce. Na ce buhu da mutum ai duk naushi ne. Ga ta kuma ta fi sauran araha nesa ba kusa ba. Na biya ina dariya.

Wurin horonmu a saman wani shagon taya yake. Katifun ƙasa duk faci ne da salatif, fanka ɗaya, bokitin tofar da yawu a lungu, buhunan naushi uku suna lilo. Koci gajere ne, kunnensa ɗaya ya nannaɗe kamar an tauna, ba ya maimaita magana. Abokin karawata muna kiransa Mai Burodi, don a gidan burodi yake kwaɓa fulawa. Hannunsa kamar shebur, amma duk naushin da ya same ni sai ya ce, “Yi haƙuri, ɗan'uwa.” In an tashi ya fito da ragowar burodi mu ci a kan matakala.

Dokar Koci ce, kafin a kara kowa ya miƙa wa abokinsa safarsa ya karɓi tasa. Ni nakan sa ta Mai Burodi, mai laushi kamar kwaɓinsa, shi kuma ya sa tawa. Ranar farko da ya zura hannu sai da ya ɓata fuska. Na ce masa haka kayan ƙwarai suke, bai saba ba ne.

Ga babban labarin. A ƙarshen shekara Koci zai zaɓi mutum ɗaya a ajin nauyina ya kai shi wasan da ake biya. In ni aka ɗauka, na yi sallama da kwalaye. Ka sa ni a addu'a, tsoho.

Jikanka,
Tsinke

*

Jikana Tsinke,

Na samu takardarka, na ji lafiyarku, na gode Allah. Ka gaya wa amarya warin gam ɗin nan ne ya aurar da mutum huɗu a gidanmu, ta rage raini.

Ka yi saye irin na masu hankali. Mai shagon da ya ce ta buhu ce, so yake ka ɗauki mai tsada. Na san irinsu, ni ma nakan gaya wa mai kuɗi cewa yadi mai araha ba ya ɗaukar zama.

Abu ɗaya ne ban so ba, wannan aron safa da kuke yi. Na gane, yara ne marasa hali kuna rufa wa juna asiri, kocinku kuma yana koya muku zumunci. Amma hannun da ka ce kamar shebur yake zai buɗa maka ita, gumin wani kuma yana kawo ƙuraje. In ba makawa, to in ka karɓo abarka ka goge cikinta, ka shanya a inuwa, ba a rana ba, ka riƙa shafa mata ɗan mai a bakin ɗinki. In ka yi haka, ɗanka ma zai gaje ta.

Ni kuma likita ya ci nasara a kaina. Za a cire min yanar ido, na hagu tukuna, in ya warke a shiga na dama, don ya ce shi ma ya fara bin sahun ɗan'uwansa. Zan jima ban karanta komai ba. Ba zan ba wa maƙwabcina mai walda takardarka ya karanta min ba, don abin da ya shiga kunnensa da safe kafin azahar ya zagaye layi. In ka ji shiru, to ina kwance ne da auduga a fuska. Ka rubuto, zan adana har in ga haske.

Allah ya ba ka sa'a. Kada ka bari a ce jikan Mai Kushin ya ja da baya.

Kakanka

*

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Amaryarka ta ce ba ta son ango mai warin gam.

Shiru ban ji ka ba, an daɗe. Ko fushi kake yi? Na yi ta tunanin abin da na yi maka ban gano ba. In don aron safa ne, ba aro ba ne, doka ce. Koci ya ce ya kafa ta ne don kowa ya ɗanɗani abin da ya sayo, kada wani ya zo da dutse ya fasa fuskar ɗan mutane.

Mai Burodi yana ta damuna. Wai in canza safa, wai in ya naushe ni da ita har a kafaɗarsa yake ji. Ya kawo min wata tsohuwa tasa kyauta, duk ta saki, soso na leƙowa. Na ce kakana ya zaɓa min tawa, shi kuwa ya fi ka sanin soso. Ya kai ƙara wurin Koci. Koci ya danna tawa, ya dube ni ya ce, “Kai ka sayo, kai za ka sha. In ka gaji ka canza.” Ban gaji ba. Yanzu ma cewa yake a duk wurin ba wanda ya kai ni shanye duka, ban san ja da baya ba. Mu biyu muka rage a zaɓen, ni da wani yaro.

Safar kuwa, Kaka, kamar jiya aka saye ta. Ko zare bai motsa ba.

Ɗan ciwon kai nake yi, ba wani abu ba ne. Hasken fitilun sito ne ke sa shi. Shugaban aikinmu ya yi min faɗa wai na loda kaya a motar da ba ita ba, har sau biyu, ni kuwa na farkon ma ban tuna ba. Wani abin dariya, shekaranjiya na hau benenmu na tsaya a tsakiya, ƙofofin duk iri ɗaya, na rasa wacce ce tamu. Sai da na jiyo tarin amaryarka. Gajiya ce.

Amaryarka tana gaishe ka, ta ce ba ta son ango mai warin gam.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Yaya idon? Ka je an duba maka shi kuwa? Af, na gaya maka na samo safar?

Tsinke

*

Tsinke,

Ina fatan wannan ta same ka a kan ƙafafunka. An cire min auduga, ido biyu sun buɗe, takardarka ce farkon abin da na karanta da su. Ta daɗe a ƙarƙashin matashina.

Ba fushi nake ba. Na gaya maka za a yi min aikin ido, ka manta. Ka tsaya ka ji wannan da kyau: ka manta.

Na koma na ɗauko takardarka ta labarin sayen safa na sake bi a hankali. Komai ka rubuta a fili, ni ne na karanta da kan mai gyaran kujera. Na ga ana sa maka kaya, hankalina ya tafi kan kayan. Ashe da safarka ake dukanka. Duk watannin nan hannun Mai Burodi ne a cikin sosan da na ce ka nema, kanka kuma a gabansa.

Shawarar kujera na ba ka. Sosan kujera ana son ya ƙi lotsawa don ya daɗe. Sosan da zai sauka a kan mutum ana son ya lotsa, ya mutu, a sake wani, don shi ya shanye dukan. Waɗancan kumburarrun da yatsanka ya nutse a ciki, su ne naka. Mai shagon gaskiya ya gaya maka. Mai Burodi ma haka.

Daga ranar da ka karanta wannan kada a sake taɓa kanka, da wadda na sa ka saya ko da ta wani. Ka bar wa buhu baƙar nan. Ka je asibiti ka gaya musu zancen bene da zancen mota, yadda ka gaya min, ban da dariyar. Maganar da na yi cewa kada ka ja da baya, na janye ta. Ja da baya. Kwalaye ba su taɓa sa mutum ya ɓace a gidansu ba.

Na haƙura na sa mai walda ya kira wayarka. Ya ce ka ce lafiyarka lau, a gaya wa tsoho ya kwantar da hankali. Bai kwanta ba. Ka nuna wa matarka wannan takarda.

Kakanka

*

Kaka,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ido ya warke. Ni ce matar jikanka. Shi ba zai iya rubutu yanzu ba.

Takardarka ta iso a kan lokaci. Ya karanta, ya yi murmushi, ya ce saura karawa ɗaya a yi zaɓe, in an gama zai je asibiti da ƙafarsa. Bai nuna min ba. A aljihun wandonsa na same ta daga baya, da na zo wanki.

Ranar zaɓen, Mai Burodi ya ƙi sa safar. Ya ce shi ya gama, ko za a kore shi. Yana ganin in ya ƙi za a fasa. Ba a fasa ba. Koci ya miƙa ta ga ɗayan yaron da suke neman gurbin tare, shi kuwa ba ya cewa a yi haƙuri. An ce jikanka bai faɗi ba har aka tashi. Shi aka zaɓa. Ya shigo gida da murnarsa, fuskarsa ba ko ƙwarzane, ya ce in fara shirin barin wankin otal. Ya ci abinci, ya yi amai, ya ce kansa. Da safe na tashe shi, ido a buɗe amma ba ya nan.

A asibiti sun yi masa aiki, sun zuƙe jinin da ya taru a cikin kai. Likitar ta ce ba dukan rana ɗaya ba ne, ya daɗe yana taruwa. Na kai mata safar ta gani. Ta ce mai tauri ta gaggauta abin, amma kada in ɗauka mai laushi tana hana ƙwaƙwalwa girgiza, fuska kawai take karewa, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Na rubuta maka wannan don na karanta takardunka duka, Kaka, har ta farkon. Ban san ko zai rage maka wani abu ba. Ni bai rage min ba.

Yana tafiya, yana ci, ya san ni. Abin da ya wuce da daɗewa yana nan daram. Sabo ne ba ya zama. Kullum sai ya tambaye ni yaushe ne wasan. An sallame shi daga sito. Ni kuma in ban je aiki ba, ba mu da na haya. Jiya na dawo na tarar da shi a bene na ƙasa, tsaye a ƙofar wasu mutane, yana tambayar yaransu ko nan ne gidan Tsinke.

Ba shi da uwa ba shi da uba, kai yake ambata. Ina roƙon ka karɓe shi ya zauna wurinka zuwa wani lokaci. Mai Burodi ya ce shi zai kawo shi. Tun da abin ya faru kullum sai ya zo ya ajiye burodi a bakin ƙofa, ba ya yarda ya shigo.

Safar tana cikin jakarsa. Ba na son ganinta a ɗakina.

Jikarka

*

Jikata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Mijinki ya iso lafiya, kuma lafiyar jiki yana da ita. Ya fi ni ci, ya fi ni barci.

Mai Burodi ya kawo shi har cikin shago. Ƙato guda, ya tsaya yana murza hula a hannu kamar yaron da ya fasa tulu. Na ba shi wuri ya ƙi zama. Da zai tafi mijinki ya ce masa, “Gobe ka zo da wuri, kuma ka bar tausayina.” Mutumin ya juya ya fita bai waiwayo ba.

Na ba shi aiki kusa da ni. Hannunsa bai manta komai ba. Yana cire tsofaffin ƙusoshi, yana yanka soso a kan layin da na ja masa, ya fi yaran da na taɓa koya wa tsabtar aiki. Sai dai in na aike shi bayan shago ya ɗauko almakashi, zan same shi tsaye a can yana kallon bango. Na ɗaura jan ƙyalle a ƙofar ɗakinmu, na kuma gaya wa mutanen layi in sun gan shi ya yi nisa su juyo da shi. Mai walda, wanda nake zagi da surutu, shi ya fi kowa sa ido a kansa. Yana tambayarki. Nakan ce kina aiki, za ki zo. Ki zo in kin samu hutu, ko bai riƙe ranar ba zai ji daɗinta.

Na buɗe jakar na ga safar. Zan gaya miki gaskiya a matsayina na mai sana'a: ban taɓa riƙe aiki mai kyau irin wannan ba. Fatar ta yi sheƙi, ɗinkin yana nan yadda aka yi shi, ya kuma riƙa shafa mata mai kamar yadda na ce. Na sa reza na farke ta hagu. Sosan ciki irin wanda ke jibge a bayan shagona ne, na kujerar motar haya. Na danna. Ya turo min yatsa baya.

Ta daman na bar ta a kan teburin aiki, ban san dalili ba. Na kasa jefarwa, na kasa ɓoyewa.

Kin ce kin karanta takarduna, to kin san zancen da na buɗe ta farko da shi, wanda na yi wa dariya. Direba ne ya fara gaya min. Likitarku ta maimaita ta bakinki. Na ɗauka na gama jin sa ke nan.

Yau da hantsi muna gyaran wata kujera mai zaman mutum uku, yana riƙe min da ƙusoshi a tafin hannu, sai idonsa ya faɗa kan safar. Ya ɗauka, ya kai hanci, ya ja ɗinkin da yatsu biyu, ya danna sosan. Ya ce, “Kaka, wannan mai kyau ce. Ta wane ne?” Na ce ta wani yaro ce. Sai ya matso kusa da kunnena, don ya san ba na ji, ya ce, “Ka gaya masa ya yi hankali. An ce irin wannan tana cin mutum ta ciki. Ba jini, ba tabo, sai a ga mutum a ƙofar gidansu yana tambayar gidan wane ne.”

Na ce wa ya gaya maka?

Ya juya safar a hannunsa yana nema. Can ya ce, “Wani tsoho ne. Amma shi ma bai yarda ba.”

Ya miƙo min ƙusa, na karɓa, muka ci gaba da aiki. Jiya ma ya gaya min, shekaranjiya ma haka, kowane lokaci kamar yanzu ya ji shi. In wani ya tambaye ki inda tsohon nan ya samo wannan zance, ki ce mutane da yawa sun gaya masa, amma wanda ya gaya masa na ƙarshe mijinki ne, Tsinke.

Kakanku,
Mai Kushin